Shin gardamar addini a intanet tana sauya aƙidar wani?

Wani matashi daga Tudun Wadan Zariya ya rubuto mini. Ya ce shekara uku ke nan yana ƙarar da kuɗin data da barcin dare wajen kare abin da ya yi imani da shi, a Facebook da kuma zauren WhatsApp na 'yan ajinsu na sakandare. Karon da ya fi zafi da ɗan baffansa ne da ke cikin birni, kuma kowace shekara da kamawar watan Rabi'ul Awwal ake tayar da shi, a kan Maulidi. Ya kawo aya, ya kawo hadisi, ya kawo maganganun malamai, bai taɓa jin wani ya ce "na gamsu" ba. Abin da ya tsira da shi kawai shi ne yanzu ko a wurin jana'iza suka haɗu da ɗan baffan nan, gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu daga nesa. Ya rufe da cewa: "Allah ya gafarta Malam, wai akwai wanda wannan abu ya taɓa sauyawa kuwa, ko aikin baban giwa muke yi?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambayi kanka wannan tambaya, don da yawa ba sa tsayawa. Hukuncin Maulidi ba shi ka tambaye ni ba, saboda haka ba zan taɓa shi a nan ba. Abin da ka tambaya shi zan amsa, da abin da na karanta da kuma abin da idona ya gani a sama da shekara 20 ina koyar da darussan addinin Musulunci a wannan gari.

Gardamar tana sauya mutane. Sai dai da wuya ƙwarai ta sauya wanda kake yin ta da shi, kuma kusan ba ta sauya kowa a lokacin da ake cikin yin ta.

Ka dubi ɗan baffan naka da kyau, ka lissafa abin da kake nema ya biya idan ya rubuta "na gamsu" a gaban 'yan ajinku. A gidan da aka haife shi akwai zauren da ake shimfiɗa farin ƙyalle a yi wazifa tun yana rarrafe. Malamin da ya koya masa Ahalari da Ishmawi shi ne ya ɗaura masa aure, shi ya raɗa wa ɗansa suna. Ranar da matarsa ta kwanta asibiti, mutanen wannan zaure ne suka yi masa karo-karo. Kai kana ganin hadisi ɗaya ka ɗora masa a gaba, shi kuwa abin da kunnensa ke ji shi ne ana so ya tashi a bainar jama'a ya ce mahaifinsa da kakansa da malaminsa duk a kan ɓata suka rayu. Kai ma fa haka ne. Da shi ne ya kawo hujjar da ta fi taka ƙarfi, da kafin ka amsa sai ka tuna da masallacin da kake ɗaukar karatu tsakanin magariba da isha, da abokan da kuke fita wa'azi tare, da yadda za su dube ka gobe. Aƙida a ɗaure take da mutane, kuma wanda zai kwance ta sai ya san inda zai jingina bayan ya kwance.

Masana halayyar al'umma sun daɗe da gano haka. A 1965 wasu masu bincike biyu a Amurka, John Lofland da Rodney Stark, sun fitar da sakamakon zaman da suka yi da wata ƙaramar ƙungiyar addini suna kallon waɗanda ke shiga cikinta. Mutane da yawa sun saurari koyarwar ƙungiyar, amma waɗanda suka shiga su ne waɗanda shaƙuwarsu da 'yan cikinta ta rinjayi shaƙuwarsu da na waje. Sai bayan sun shiga ne suke cewa hujja ce ta jawo su. Bahaushe ya riga su faɗa: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ba sai mun tafi Amurka ba ma. Likita Miller na mishan ya sauka cikin birnin Zazzau a 1905, ya zauna a nan sama da shekara 20 kafin mishan ta koma Wusasa. Mutum ne da ya laƙanci Hausa har ya ja ragamar fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932, kuma bai gaji da yin magana da malaman birni ba. Birni bai motsa ba. Waɗanda suka bi shi galibi yaran da suka tashi a gidansa da makarantarsa ne, sai kuma zuriyar Isawa da suka zo wurinsa da ƙafarsu a 1913, waɗanda da ma suna da nasu tsohon zance a kan Annabi Isa tun kafin zuwan Turawa. Haka in ka dubi yadda Izala ta bazu bayan kafa ta a Jos a 1978. Tafsirin Shehu Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna da kaset-kaset na wa'azi sun buɗe kunnuwa, babu musu. Amma abin da ya riƙe mutane shi ne makarantun Islamiyya, da karatun matan aure, da masallatan unguwa, da sauƙin da matashi ya samu wajen hidimar aure da suna. Failar Shehu Ibrahim Inyass ma ta zawiyoyi ta bi, da muƙaddamai, da fatake, da ciyar da baƙo. Duk inda ka ga jama'a ta koma wani ɓangare, ka bincika za ka tarar an tanadar musu wurin zama kafin su taso.

To, intanet kuma sai ta zo ta ƙara wa abin wahala. Farko dai ba ta da ɗakin ganawa, komai a dandali ake yi, ga 'yan kallo, ga masu ɗaukar hoton abin da ka rubuta su adana don ranar da za su jefe ka da shi. Sannan na'urar da ke zaɓo wa mutane abin da za su gani ba ruwanta da ingancin hadisi. Abin da ya tsayar da mutum ya danna ya yi sharhi shi take turawa gaba, kuma babu abin da ke tsayar da mutum kamar fushi. Shi ya sa za ka ga an yanko daƙiƙa 40 daga karatun awa biyu, an liƙa masa suna "zazzafan raddi" ko "Malam wane ya ƙure wane," ya zagaye wayoyin Samaru da Sabon Gari kafin la'asar, cikakken karatun kuwa yana can babu mai buɗewa. A 2018 Chris Bail da abokan aikinsa sun gwada wani abu a Amurka: sun biya masu amfani da Twitter dala 11 don su bi wani shafi da ke turo musu saƙo 24 kullum daga ɓangaren siyasar da ba nasu ba, har tsawon wata guda. Ana tsammanin za su sassauto. Da aka auna, 'yan ɓangaren masu ra'ayin riƙau sai ƙara riƙewa suka yi, ɗaya ɓangaren ma bai matso ba. Wannan fa siyasa ce, ina ga abin da mutum ya rataya lahirarsa a kai.

Malamanmu na da sun san wannan cuta tun babu waya. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya ware babi a cikin Ihya'u a kan illolin munazara, wato gardamar ilimi, ya lissafo hassada da girman kai da ƙullaci da gulma da farin ciki da kuskuren abokin magana. Cikin sharuɗɗan da ya gindaya akwai cewa mai munazara ya fi son a yi ta a keɓe a kan a yi ta a taro gaban manya. Akwai kuma cewa ya zama kamar mai cigiyar abin da ya ɓace masa, wanda bai damu ba ko shi ya tsinto ko abokin nemansa. Ka auna zauren WhatsApp ɗinku da waɗannan sharuɗɗa biyu kawai.

Akwai muƙabalar da nake so kowane ɗalibina ya haddace yadda aka yi ta, wato zuwan Abdullahi ɗan Abbas wurin Hawarijawa a Harura, lokacin da suka ware daga Sayyidina Aliyu. Riwaya ta ce su 6,000 ne. Bai aika musu da takarda ba, da kansa ya je, sanye da mafi kyawun tufafinsa, ya same su a masaukinsu da tsakar rana. Bai fara da karanta musu laifinsu ba. Cewa ya yi su faɗa masa abin da suke tuhumar Aliyu da shi, ya bar su suka zayyano uku: ya sa mutane su yi hukunci a lamarin Allah, ya yi yaƙi bai kama bayi ba bai ɗebi ganima ba, kuma ya goge laƙabin Amirul Muminina daga takardar sulhu. Ya tambaye su ko da saura, suka ce babu. Sannan ya nemi alƙawari: in ya kawo musu amsa daga Alƙur'ani da Sunna za su dawo? Suka amsa. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da abin da su kansu suka yarda da shi. Ya karanta musu ayar da ta sa adalai biyu su yi hukunci a kan farautar mai harami, da wadda ta sa a naɗa masu sulhu tsakanin miji da mata. Ya tambaye su ko za su kama uwarsu A'isha a matsayin baiwa. Ya tuna musu yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yarda aka goge "Manzon Allah" daga takardar Hudaibiyya. Duk wadda ya gama sai ya tsaya ya ce, "Na fita daga wannan?" su ce "E." Mutum 2,000 suka dawo.

Ka lura da abu biyu. Na ɗaya, ga duk abin da ya tara: ya je da ƙafarsa, ya saurara har suka ƙare, an yarda da ma'auni tun kafin a fara, an ɗauki mas'ala ɗaya an gama kafin a taɓa ta biyu. A wayarka kuwa kana amsa ta ɗaya an riga an jefo ta bakwai, wani ya sako hoton zagi, wani ya ce a fara kawo lambar shafi. Na biyu, wannan fa Ibn Abbas ne, tarjumanin Alƙur'ani, wanda Annabi ya yi wa addu'ar fahimtar addini, kuma da duk wannan kashi ɗaya cikin uku ya samu. Sauran suka tsaya a kan bakansu har aka gwabza a Naharawan.

Yanzu ga waɗanda gardamar ke sauyawa, kuma su ne dalilin da ya sa ba zan ce maka duk wahalar da ka sha ta tafi a banza ba. A kowane zaure masu magana kaɗan ne, masu karantawa su yi shiru su suka fi yawa. Su ba su sa mutuncinsu a caca ba, babu wanda zai ce musu sun sha ƙasa, saboda haka suna da sararin yin tunani. A 2006 Malam Isa Ali Pantami ya zauna muƙabala da Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, a Bauchi a kan karatun boko da aikin gwamnati. Muhammad Yusuf bai tashi daga wurin ya janye ba, ya ci gaba da abin da yake kai har abin da ya faru a 2009 ya faru. Amma faifan wannan zama ya yawata, haka ma karatuttukan da Shehu Ja'afar Mahmud Adam da Shehu Albani na nan Zariya suka yi suna warware shubuhohin wannan aƙida, Allah ya ji ƙansu. Ni da kaina na koyar da samarin da suka gaya mini cewa ƙafarsu ta kusa zamewa a wancan lokaci, sauraron waɗannan faya-fayai su kaɗai a ɗaki ne ya tsayar da su. Babu ɗayansu da ya tashi a taro ya sanar.

Akwai wani da ba na mantawa. Wata rana bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar gidana, yaro ne da na sani da saurin kafirta mutane, har abokansa na tsoron bakinsa. Ya zauna a bakin tabarma ya ciro wata waya mai fasasshen gilashi, ya yi ta ja da yatsa har ya kai ga wasu hotunan rubutu da ya adana. Wata tattaunawa ce da na taɓa yi da wani mutum daban kusan shekara biyu kafin ranar, na ma manta da ita. Shi bai sa baki a cikinta ba ko da kalma ɗaya. Ya nuna mini wani wuri da mutumin ya zage ni, ni kuma na amsa da cewa a wannan gaɓa ya fi ni gaskiya, na yi kuskuren jingina maganar ga wanda ba shi ya faɗe ta ba. Ya ce, "Malam, a nan na tsaya. Ban taɓa ganin an ce haka ba. Sai na koma sama na sake karanta sauran." Shekara biyu abin yana cin sa a rai kafin ya iya tako ƙafa ya zo. Hujjojin da na kawo a ranar ba su fi na kullum ba. Amincewa da kuskure guda ce ta sa ya ba su damar shiga.

Na kuma ga kishiyar haka, daga hannuna. A farkon fara koyarwata wani ɗalibi ya ja da ni a cikin aji a kan ingancin wani hadisi. Shi ne bai yi daidai ba, kuma na nuna masa haka dalla-dalla a gaban 'yan'uwansa har aka yi masa dariya. Daga ranar bai ƙara tambayata komai ba, ya koma kujerar baya, kuma labarin da na riƙa ji daga baya shi ne ya ƙara nutsewa cikin abin da nake so in fito da shi daga ciki. Har yau ina roƙon Allah gafara a kan wannan rana.

Ko a intanet ɗin ma, inda aka ga sauyi na gaske haka ya zo. Megan Phelps-Roper jikar wanda ya kafa cocin Westboro ce a jihar Kansas ta Amurka, cocin da ya yi suna wajen tsinuwa da zanga-zanga a wurin jana'izar mutane. Ta shiga Twitter a 2009 don yaɗa wannan koyarwa. Dubbai sun zage ta, zagin kuwa ƙara mata tabbaci ya yi cewa su ne a kan gaskiya. Waɗanda suka girgiza ta 'yan kaɗan ne da suka riƙa yi mata magana da mutunci wata da watanni, cikinsu har da wani Bayahude da ya nuna mata inda koyarwar cocin ke karo da kanta. Ta fita a 2012. Shekara uku aka ɗauka, kuma sai da waɗannan mutane suka zama kamar abokai a wurinta. Tarihinmu ma ya nuna sauyi na son kaɗaici: Abul Hasan Al-Ash'ari ya kai shekara 40 da haihuwa yana cikin Mu'utazilawa, masu fifita hankali a aƙida, yana kare su a majalisai. Da zai bar su sai ya shige gida ya rufe ƙofa kwanaki, sannan ya fito ya hau mumbari a masallacin Basra ya sanar.

Saura mutum ɗaya da gardama ke sauyawa tabbas, kuma shi ya fi damuna a wasiƙarka: kai kanka. Wanda ya shekara uku yana kwana yana tashi da neman abin da zai mayar, karatunsa kan koma farautar harsashi. Ya buɗe littafi don ya samo abin jifa, ya tsallake duk abin da bai yi masa daɗi ba. Wasu zuciyarsu ta bushe. Wasu kuma, musamman waɗanda suka faɗa fagen ba su da tushen karatu a gaban malami, sai su zama kamar kara a bakin ruwa. An ruwaito daga Umar ɗan Abdul'aziz cewa wanda ya mai da addininsa abin kai wa hari a husuma zai yawaita ƙaura, kuma Imam Malik ya ƙi irin wannan jayayya da hujjar cewa ba za a riƙa barin abin da Jibrilu ya sauko da shi ba duk lokacin da wani da ya fi wani iya baki ya bayyana. Na ga samari da suka zaga ƙungiya uku cikin shekara biyar, kowace ƙaura saboda wani bidiyo, daga ƙarshe suka rasa inda za su tsaya.

In kuma gardamar ta tsallaka zuwa maƙwabtanmu Kiristoci, to sai a ƙara taka-tsantsan. Suratul Ankabut aya ta 46 ta ce kada a yi jayayya da Ma'abuta Littafi sai ta hanyar da ta fi kyau, Suratul An'am aya ta 108 kuma ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Mutanen Zariya ba sa bukatar a ba su labarin inda baki ke kaiwa. Rikicin watan Maris na 1987 daga taƙaddama a kan wa'azi ya faro a kwalejin horar da malamai ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki wutarsa ta iso nan. A lokacin sai labari ya hau mota ko ya bi ta rediyo kafin ya zo, yanzu kuwa yana aljihun kowa.

Ka tambayi dattawan unguwarku yadda aka yi da ƙabalu da sadalu. An yi zamanin da wannan mas'ala ta raba masallatai a ƙasar Hausa, har aka zub da jini a wasu wurare. Yau ka shiga sahun Juma'a a birni, mai ɗora hannu a ƙirji da mai sakewa kafaɗa da kafaɗa suke, ba tare da wani ɓangare ya taɓa fitowa ya ce an kayar da shi ba.

Saboda haka ga abin da nake ba ka shawara. In ka ga an yaɗa ƙarya a fili, ko an jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba, kuma kana da sanin abin, ka rubuta gyara sau ɗaya, a natse, da inda ka samo, kana tuna cewa masu shiru kake yi wa. Kada ka koma ka ga wa ya mayar. In an kama ka da kuskure ka amsa a wurin da ka yi shi. Abin da ba ka karanta a gaban malami ba kuwa ka bar wa waɗanda suka karanta.

Ɗan baffanka kuma ka fitar da shi daga wannan lissafi gaba ɗaya. Bana in watan ya kama, kada ka tanka masa a zauren. Ka zaɓi wata ranar Juma'a ka hau mashin ka shiga ta Ƙofar Doka, ka fara gaida baffanka, ka riƙa wa yaran ɗan abin hannu. Zuwan farko kada ka ɗauko zancen, ko shi ya ɗauko ka ce ba shi ya kawo ka ba. In zumunci ya dawo har wata rana maganar ta taso ku biyu, ka roƙe shi ya zayyano maka hujjojinsa, ka saurara har ya ƙare, sannan ka maimaita masa su da bakinka har sai ya ce "haka nake nufi." A ranar kada ka ba shi amsa. Ka ce za ka je ka duba, kuma in ka koma Tudun Wada ka duba ɗin da gaske.